Gidan Gado, Indararo da Lambatu: Wa Ke Duba Tsofaffin Gidajen Zariya?

A Zariya, idan aka ce hukuma ta zo a kan maganar gida, abin da yake fara faɗo wa mutum a rai shi ne jan fenti a jikin katanga da umarnin a dakatar da aiki. Wannan hurumin KASUPDA ne, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, wadda take ba da izinin gini, take kuma da ikon rushe abin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba. Takardar shaidar mallakar fili kuwa tana hannun KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, wadda aka kafa a zamanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i, kuma tushen ikonta yana komawa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Duk wanda ya taɓa aza bulo a Hanwa ko Dogarawa ya san da zaman waɗannan ofisoshi. Abin da yake damuna shi ne, doka tana sa ido sosai a kan ginin da yake tasowa, amma da zarar an buga kwano an tare, da wuya wani ya sake leƙowa, alhali mafi yawan haɗarin yana cikin gidajen da aka daɗe ana zaune a ciki.

Ba wai babu mai alhakin ba ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da magudanan ruwa, kwashe shara da ƙazanta, sanya wa tituna suna da bai wa gidaje lamba, wanda a nan yake nufin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, sannan ga hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA. Dattawanmu suna ba da labarin duba-gari na da, wanda yake shiga gida ya buɗe randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, ya leƙa masai, ya bi kwata har inda ta zube, kuma idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba sai mai gida ya ga sammaci. Ma'aikatan suna nan har yau a sassan lafiya na ƙananan hukumomi, sai dai a iya ganina an fi cin karo da su a kasuwa da wurin masu sayar da abinci fiye da cikin lungunan anguwa.

A cikin birni, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona da Anguwan Juma, gidaje masu yawa na ƙasa ne, an gina su da tubali, an yi rufin soro da azara. Irin wannan gini yana iya wuce shekara ɗari, amma bisa sharaɗin a riƙa yi masa yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a kuma hana ruwa kwanciya a gindin katanga. Magabata sun san wannan, shi ya sa gyaran gida yake da lokacinsa a shekara kamar yadda sharar gona take da nata. Yanzu abubuwa da dama sun haɗu sun yi wa ginin ƙasa taron dangi. An cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, alhali su ne suke karɓar ruwan anguwa idan an yi mamako. Idan aka yi sabon titi aka ɗaga shi, sai tsohon gida ya koma ƙasa da hanya, ruwa ya riƙa gangarowa zaure. Wasu kuma suna shafe katangar ƙasa da filastar siminti da nufin ƙarfafa ta, sai danshi ya taru tsakanin siminti da ƙasa, daga waje a ga bango lafiya lau, cikinsa kuwa ya jiƙe ya yi laushi. Watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a nan, shi ne yake bayyana duk wannan. Mutanen Zazzau ba za su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da wani sashe na babban masallacin ƙofar fada, ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi tun ƙarni na 19, ya rufta a kan masallata suna sallar La'asar, aka rasa rayuka.

Inda maganar ta fi wuya shi ne gidan gado. Mai gida ya rasu, ba a raba ba, magada sun yi yawa, wasu suna Kaduna, wasu Abuja ko Legas, waɗanda suka rage a ciki kuma galibi su ne masu ƙaramin ƙarfi, gwauraye da tsofaffi da ƙananan yara. Wanda yake zaune yana ganin idan ya kashe kuɗinsa ya gyara, ranar rabo ba za a lissafa masa ba. Wanda yake nesa kuma yana ganin ba shi ne yake kwana a ƙarƙashin rufin ba. Ko da jami'i ya zo da takardar gargaɗi a hannu, sunan wa zai rubuta a kanta? A haka katanga take karkata zuwa lungu shekara bayan shekara, yara suna wucewa ta gindinta zuwa makarantar allo, maƙwabci yana jin nauyin kai ƙara saboda zaman tare na kaka da kakanni. Addininmu bai bar wannan a duhu ba, domin ƙa'idar babu cuta babu cutarwa sananniya ce a fiƙihun Malikiyya, kuma katangar da ta jingina kan hanya ko indararon da yake tsiyaya a bangon maƙwabci cutarwa ce ƙarara, ko an raba gado ko ba a raba ba.

A Sabon Gari, Tudun Wada da Samaru, matsalar ta gidan haya ce. Mai gida yana wani gari, wakilinsa ba ya bayyana sai lokacin karɓar kuɗi, sokawe ya cika yana malala cikin lungu, kuma saboda ƙarancin fili an haƙa shi dab da rijiyar da ake sha. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kusan mita 30 tsakanin rijiya da ramin bayan gida, abin da gidajen hayar ɗalibai da dama ba su cika ba, kuma ta irin wannan hanya amai da gudawa yake samun shiga.

Sai lambatu, wanda kusan kowa yake da laifi a kansa. Wannan ya aza dakali a bisa, wancan ya fito da shago, wani ya cike shi da siminti don motarsa ta samu hawa. Tsaftar ranar Asabar ta ƙarshen wata, wadda muka gada daga mulkin soja na Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980, takan ƙare ne da tulin laka da ledoji a bakin lambatu, kuma idan motar kwashe shara ba ta zo ba, ruwan farko zai mayar da su inda aka ciro su.

Ba na goyon bayan a shigo lungunan birni da katafila ko a ɗora wa talaka tarar da ba zai iya biya ba, domin hakan ba ya tayar da katanga, sai dai ya ƙara sa mutane ɓoye matsala. Abin da nake ganin zai yi aiki shi ne zagayen duba gidaje sau ɗaya a shekara, a watan Maris ko Afrilu kafin ruwa ya sauka, jami'in lafiya tare da mai anguwa da magini wanda ya san ginin ƙasa, domin mai anguwa ya san asalin kowane gida da wanda ake jin maganarsa a cikinsa. A rubuta abin da aka gani, a ba da wa'adi a takarda, a dawo a duba, kuma duk tarar da aka ci a ba da rasit na gwamnati. Gidan gado kuwa, a nemi magada su fitar da mutum ɗaya a gaban mai anguwa ko alƙali wanda zai zama wakilin gida, a kuma rubuta cewa duk abin da ya kashe a gyara za a cire masa kafin rabo. Wanda ba shi da halin gyara kwata-kwata, a sanar da 'yan uwansa da kwamitin masallacin anguwa tun da rani, lokacin da kuɗin ƙasa da leburori kaɗai za su wadatar.