Kyandir Biyu a Ƙarƙashin Kwalba: Yadda Na Koyi Koyar da Kimiyya a Firamare

A shekaruna na farko na koyarwa, kimiyya a wurina abu ne da ake rubutawa a allo. In shigo da alli in rubuta cewa iska tana da nauyi, tana kuma cin wuri, yara su kwafa, mu maimaita sau uku da murya ɗaya, ranar jarrabawa su mayar mini da abin da na ba su. Duk wanda ya tambaye ni dalilin da ya sa ba ma yin gwaji, amsata a baki take: babu ɗakin gwaje-gwaje, babu kayan aiki. Ɗakin kam da gaske babu shi. Akwai dai wani akwatin kayan kimiyya da aka taɓa kawo wa makarantar, yana kulle a ofishin shugaban makaranta don gudun kada wani abu ya fashe a tuhume shi. Ni ma ban taɓa matsawa a buɗe ba, domin a can ƙasan zuciyata tsoro nake ji: kada in haɗa abu a gaban yara ya ƙi aiki, ko su jefo mini tambayar da ba ni da amsarta.

Ranar da na yi ƙarfin hali na kawo gwajin kyandir aji biyar, abin da nake gudu shi ya same ni. Gwajin ba baƙo ba ne ga malamai. A kafa kyandir a tsakiyar faranti, a zuba ruwa kaɗan, a kunna, a kife kwalba mai faɗin baki a kai. Wutar ta yi ƙasa-ƙasa ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar. Na ja layi da biro a inda ruwan ya tsaya, na yi musu bayani kamar yadda aka yi mini ina ɗalibi: wuta ta cinye iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar da muke shaƙa, shi ne ruwa ya hau ya cike gurbinta.

Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda da wuya ka ji muryarta a aji, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in aka kunna guda biyu fa?"

Na ce mata ruwan a nan zai tsaya, tunda oksijin ɗin da ke cikin kwalbar bai ƙaru ba, sai dai wutar ta fi saurin mutuwa. Akwai ragowar kyandir a jakata, sai muka gwada. Ruwa ya wuce layina. Muka kunna uku, ya ƙara wucewa. Aji ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido. Na ce musu, "Abin da na faɗa muku bai yi daidai da abin da muka gani ba. Ku ba ni zuwa gobe."

A daren nan na karanta har na gane inda kuskuren yake. Wuta tana cin oksijin, gaskiya ne, amma tana mayar da iskar kabon da tururin ruwa a madadinsa, kuma kyandir yakan mutu tun oksijin bai ƙare ba. Babban abin da ke ɗaga ruwan shi ne zafi. Wutar tana ɗumama iskar cikin kwalba ta kumbura, wata ta tsere ta ƙarƙashin bakin kwalbar. Ƴan kumfan nan da muka gani suna fita ban kula da su ba, ita ce. Da wutar ta mutu sai iskar da ta rage ta huce ta tsuke, tururin ya koma ɗigon ruwa a jikin gilashi, iskar waje ta danna ruwan faranti ya shige ciki. Shi ya sa yawancin ruwan ba ya hawa sai bayan wutar ta mutu, kuma kyandir uku sun fi ɗaya korar iska. Washegari na gaya musu a fili cewa jiya na yi kuskure. Sannan muka ɗumama kwalbar da ruwan zafi, muka zubar, muka kife ta a farantin ruwan sanyi ba kyandir ba ashana. A hankali ruwa ya hau. Yarinyar nan ba ta ce komai ba, amma ita ta fara tasowa ta zo ta duba layin da kanta.

Kayan da muka yi amfani da su ranar ba su wuce kyandir, faranti da kwalba ba. Abin da ya mayar da su kimiyya shi ne tambayarta da layin biron nan da ya ba mu damar kwatantawa. Tun daga lokacin na sa wa kaina ƙa'ida: ba na taɓa kayan gwaji sai kowane yaro ya rubuta abin da yake zaton zai faru, da dalilinsa. Sannan abu ɗaya tak muke sauyawa a kowane gwaji, mu auna, mu rubuta abin da ido ya gani ko da ya saɓa wa littafi.

Gwajin tsiro ya nuna mini amfanin wannan. Muka jiƙa auduga a kwalabe biyu, muka sa iri iri ɗaya, ɗaya a bakin taga, ɗaya a cikin kwali rufe ruf. Kusan duk ajin suka rubuta cewa na cikin duhu ba zai fito ba. Da muka buɗe bayan mako guda, ga shi ya fito, har ya fi na taga tsawo, sai dai siriri ne, ya yi fari-fari, ba ya iya tsayuwa da kansa. Musu ya kaure a tsakaninsu, kuma daga musun suka gano da kansu cewa ƙwayar iri tana ɗauke da guzurinta na kwanakin farko, haske kuwa sai ganye ya fito ake neman sa don haɗa abinci. Da a allo na rubuta wannan, da sun haddace sun manta.

Akwai wata ɗabi'a tawa da na daɗe ban san ina da ita ba. Wata malamar kimiyya ƴar Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi nazari a shekarun 1970 ta gano cewa malami idan ya yi tambaya, kusan sakan ɗaya kawai yake jira kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani yaro, kuma idan ya iya jiran sakan 3 ko fiye, amsoshin sukan yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara sa baki. Na gwada, ina ƙirgawa a zuci. Shirun yana da nauyi da farko, sai ka ji kamar darasi ya tsaya. Amma hannuwan da suke ɗagawa a sakan na huɗu ba su ne na sakan na farko ba, kuma sau da yawa amsarsu ta fi zurfi.

Kayan aikin da ya fi yi mini amfani a duk shekarun nan sanda ce, tsawon mita ɗaya, kafe a filin makaranta. Kowace awa yara biyu su fita da rula su auna inuwarta, su aza dutse a ƙarshenta. Kafin a tashi, duwatsun sun zana hanya a ƙasa, kuma mun ga cewa lokacin da inuwa ta fi gajarta ba lallai ne ya zo daidai da ƙarfe 12 na agogo ba. A nan nake ba su labarin Eratosthenes, wani masani Bagirke, wanda wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa ya ji cewa a garin Sayin, Aswan ta yanzu a Masar, akwai ranar da rana take tsayawa a tsakar ka har haskenta ya sauka ƙasan rijiya. A irin wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariya ya samu karkatar kusan digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50 ya fitar da kewayen duniya. Yara suna jin wannan suna kallon sandarmu da wani ido daban. Ribar ƙafa kuma, lissafin awo da zanen jadawali sun shigo ba tare da an kira su darasin lissafi ba.

Haka kwalin da muke huda wa ƙaramin rami da allura, mu manna takarda shara-shara a ɗaya ɓangaren, yaro ya lulluɓe kansa da zane ya leƙa ya ga bishiya a kife, kanta a ƙasa. Kafin gwajin nakan ce su zana yadda ido yake gani, kuma da yawa sukan ja kibiya daga ido zuwa abin da ake kallo. Manyan masana ma sun daɗe a kan wannan fahimta, har Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira kimanin shekara 1000 da suka wuce, ya kafa hujja da gwaje-gwaje cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido, kuma a miƙe yake tafiya. Ina son yara su san cewa kuskurensu ba na wauta ba ne, yana da tarihi.

Sauran kayan a cikin abin da aka yar nake samun su: maganaɗisu daga lasifikar mataccen rediyo, ƙwan tocila, guntayen waya, murafen kwalba, sabon sirinji marar allura wanda yaro zai toshe bakinsa da yatsa ya danna ya ji iska tana turo shi. Iyaye ma taska ne. Mahaifin wani yaro mai aikin lantarki ya zo ya yi mana rabin awa, ya nuna musu abin da fis yake yi, kuma yaran sun yi masa tambayoyin da ba su taɓa yi mini ba.

Amma na taɓa yin sakaci. Na raba batir da waya ban yi kashedi ba, wani yaro ya haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye ya riƙe, wayar ta yi zafi ta ƙona masa yatsa. Ƙunar ba ta yi tsanani ba, amma laifina ne, kuma na je na faɗa wa mahaifiyarsa da bakina. Yanzu dokokina ba sa canzawa: wuta ni kaɗai nake kunnawa, lantarki ba ya wuce ƙaramin batir mai bolt 1.5, ba a kusantar soket, ba a ɗanɗana komai, ba a kallon rana kai tsaye ko ta cikin gilashi. Kuma kowane gwaji sai na yi shi ni kaɗai a gida kafin in kawo shi aji.

Intanet ta zo mini daga baya. Shafin PhET na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda masanin kimiyya Carl Wieman ya kafa a 2002 bayan ya samu kyautar Nobel a 2001, yana da gwaje-gwajen kwaikwayo kyauta da ake buɗewa a wayar hannu, ana iya sauke su a yi aiki ba intanet. Shirin TESSA na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya yana da darussan kimiyyar firamare da aka tsara don malamin da ajinsa ya cika kuma kayansa kaɗan ne, kuma shi ya fi yi mini amfani wajen shirya darasi. Shirin GLOBE, wanda aka fara a 1995, yana karɓar bayanan gajimare da ruwan sama da ƴan makaranta suka auna daga ƙasashe da dama. Akwai kuma Foldscope, madubin ƙara girman abu da ake naɗawa daga takarda, wanda Manu Prakash da abokin aikinsa suka ƙera a Jami'ar Stanford, yana ninka girman abu sau 140. Ra'ayina a kan duk waɗannan ɗaya ne: hannu ya fara taɓawa kafin ido ya kalli allon waya. Yaron da ya sha wahala kafin ƙwan tocilarsa ya kama shi ne yake gane abin da hoton yake nuna masa.

Wani abin da na lura da shi a makare shi ne rabon aiki. Da na ce a kasu rukuni-rukuni, sai maza su kame kayan, mata su ɗauki biro. Babu wanda ya ce su yi haka. Yanzu kowane rukuni yana da mai haɗawa, mai aunawa, mai rubutawa da mai bayani, kuma duk mako ana juyawa. Ranar 11 ga Fabrairu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2015 don mata da ƴan mata a fagen kimiyya, ƴan matan ajin ne suke gudanar da gwajin gaba ɗaya.

Akwatin ofis ma an buɗe shi. Wata rana hayaniyar ajina ta jawo shugaban makaranta, ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shigo ka gani." Ya tarar da yara suna gardama a kan ko dunƙulen yumɓu da ya nutse zai yi iyo idan aka faɗaɗa shi kamar kwano. Ya tsaya har aka gwada. Bayan kwana biyu ya ba ni makullin, da sharaɗin in rubuta duk abin da na ɗauka. A ciki akwai ma'aunin zafi, gilasan ƙara girma da sikeli, ba a taɓa cire su daga ledarsu ba.

Ba kullum nake gwaji ba. Manhaja tana da yawa, lokaci kaɗan ne, jarrabawa kuma tana nan tana jira. Gwaji ɗaya a mako nake iyawa, wani makon ma ba ya samuwa. Amma akwai littafi a kan teburina da yara suke rubuta tambayoyin da ba mu amsa ba, daga ciki muke zaɓar na gaba. Na wannan makon wani yaro ne ya rubuta shi: ruwan da ke tsatsafowa a bayan kwalbar ruwan sanyi, daga ciki yake fitowa? Rabin ajin sun ce daga ciki ne. Na tanadi shuɗin launi da za mu zuba a ruwan, da farin ƙyalle da za mu goge bayan kwalbar da shi ranar Alhamis.