Laraba: zumunta a tsakar gidanmu

Tun da asuba Maman yara ta tashe ni da zancen da na kwana ina kauce masa: yau Laraba, kuma zagayen zumuntar gida, taron addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da muke yi gida-gida, ya iso kanmu. Na ce na sani. Ta ce sanin da bai sayo gyaɗa da tsamiya ba ai ba sani ba ne. Na zazzage mata abin da ke aljihuna, na hau babur zuwa makaranta cikin hazon da ya rufe Gombe tun shekaranjiya.

Ba kunu ne damuwata ba, telan nan na zumuntarmu ne. Tun watan Yuni ya karɓi naira 60,000 a hannuna, wai zai cika kuɗin hayar shago, ya biya ni kafin Kirsimeti idan ɗinki ya buɗe. Kirsimeti ta zo ta wuce, ga mu a ƙarshen Janairu, ko "yi haƙuri" ban ji daga bakinsa ba. A majami'a abin da sauƙi. Mu ɗaruruwa ne, shi yana gaba wajen mawaƙa, ni ina baya kusa da taga, da an sa albarka kowa ya kama ƙofarsa. Sai ka shekara kuna sujada ɗaya da mutum ba ku haɗa ido ba, ka koma gida kana jin kanka mai bi na kirki. Amma a zumuntar gida mu goma sha uku ne, tabarma uku da benci biyu. Ina za ka kai idonka? Makon jiya waccan da aka taru a gidansa na ce ina da takardun yara da zan duba. Takardun suna nan, amma ba su suka hana ni zuwa ba.

Makaranta dai kamar kullum, rabin aji na tari.

Da la'asar na leƙa wajen Malam maƙwabcina aron benci. Yana naɗe dardumar sallarsa ya ce, "Yau ku ne da baƙi ke nan?" Ya riga ya san Larabarmu, ya kuma san muna tashi dab da magariba. Yaransa ne ma suka kinkimo mana.

Baba Dattijo ne ya fara isowa, kamar yadda ya saba, da Littafi Mai Tsarkinsa da aka yi wa riga da ƙyallen atamfa, gefen shafukan sun yi baƙi don yawan yatsa. Sai Uwar Zumunta, sai nas ɗin da ke layin bayanmu, sai ɗalibai biyu na Jami'ar Jihar Gombe, sai gwauruwar da muke kira Inna, sauran kuma suka biyo baya ɗai-ɗai. Tela ne ya zo ƙarshe. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya bar wurin da aka matsa masa a benci, ya je ya zauna a kan turmin da aka kife a bakin kicin. Na lura ya rame. Na kuma lura ban ji daɗin lurar da na yi ba.

Bayan waƙa biyu Baba ya ce a buɗe Galatiyawa sura 6, kowa ya karanta aya ɗaya. Muna gamawa ɗaya daga ɗaliban nan, yarinyar, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Baba, ni ban gane ba. A aya ta 2 Bulus ya ce mu ɗauki nauyin juna, a aya ta 5 kuma ya ce kowa zai ɗauki nasa kaya. To wanne za mu kama?" Shekarata nawa ina jin wa'azi kan wannan sura, ban taɓa haɗa ayoyin biyu ba, kuma ko na haɗa, wa ke ɗaga hannu ana tsakiyar wa'azi? Muka yi ta kai da kawowa. Ni ma na yi irin bayaninmu na malamai, mai tsawo, wanda bai kai ko'ina ba. Uwar Zumunta tana sauraro tana ɓare gyaɗa. Can ta ce, "'Yata, kin taɓa zuwa itace? Dammin naki ne, ke za ki kai shi gida, babu mai ɗaukar miki. Amma ke kaɗai ba ki iya aza shi a ka. Sai wata ta kama miki. In kin iso kuma sai an taya ki saukewa, in ba haka ba wuya ya tafi." Aka yi shiru. Yarinyar ta rubuta a bayan littafinta.

Daga nan Baba ya shiga tarihinsa. Mun sha ji, yara har suna iya ƙarasa masa, amma ba mai katse shi. Yadda turawan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Kaltungo a 1917, yadda mahaifinsa ya koyi karatu a zaure, su 'yan kaɗan kewaye da fitila, tun ba a san za a yi gini mai ɗaukar mutum dubu ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai 1932 ya fito, ECWA kanta, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, sai 1954 ta tsaya da sunanta. Ya tuna ƙananan ƙungiyoyin addu'a na yunƙurin bishara da ake kira Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960, yana saurayi, ana bi gida-gida. Ya buɗe Romawa 16 ya nuna mana gaisuwar Bulus ga Bilkisu da Akila da ikilisiyar da ke taruwa a gidansu. "A gida aka fara," in ji shi, "gini daga baya ya zo." Ni abin da na shaida da idona shi ne yadda garin nan ya cika tun da aka yanke mana jiha daga Bauchi a 1996. Ma'aikata suka kwararo, majami'u suka tumbatsa, aka raba sujada ta Hausa da ta Turanci. Albarka ce, ban musa ba. Sai dai Fasto mutum ɗaya ne. Inna ta kwanta mako uku bara, ba daga bagadi aka gane ba ta nan ba, gurbinta a tabarma ne ya nuna.

Kada in yi kamar abin ba shi da illa. Akwai wata zumunta a unguwar da muka baro da ta watse don abin da aka faɗa a roƙon addu'a da yamma, washegari ana jin sa a bakin famfo. Shi ya sa Baba kullum yake cewa abin da aka zubar a tabarmar nan a naɗe shi tare da ita. Ni ma da nake rubutun nan sai da na tambayi mai maganar kafin in sa, ban kuma kama suna ba.

Aka zo roƙon addu'a. Nas tana aikin dare duk makon nan. Inna kuɗin makarantar autanta. Da aka zo kan tela sai ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce a farkon Disamba ɓarayi sun fasa shagonsa sun kwashe yadudduka na mutane, na Kirsimeti, har da leshi na wata amarya. Bai faɗa wa kowa ba don kada masu kawo ɗinki su gudu. Tun daga lokacin duk abin da ya samu biyan masu kaya yake yi. Ya ce, "Akwai bashi a kaina har a cikin tsakar gidan nan, kunya ta hana ni buɗe baki." Bai dube ni ba. Kunnuwana suka ɗau zafi.

Baba ya ce, "Malam, kai ne mai gida, yi mana addu'a domin ɗan'uwanmu."

Na sha yin addu'a a gaban taro, bakina ba ya sarƙewa. Yau ya sarƙe. Da wuya ka roƙa wa mutum buɗi alhali wata bakwai kana ƙirga masa kwanaki a zuci. Na fara da kalmomin da na saba, na ji ba su da nauyi, na tsaya. Abin da ya fito daga ƙarshe gajere ne, rabinsa ma a kaina na yi shi. Amin ɗin Inna ta fi addu'ar tsawo.

Aka zagaya da gwangwanin asusu, naira 200 kowa, wanda ba shi da ita ya miƙa gaba. Na tuna abin da na taɓa karantawa game da Jon Wesli, mai wa'azin da ya assasa Methodist: a 1742, a Biristol ta Ingila, bashin ginin ɗakin taro ne ya sa aka kasa mutanensa goma sha biyu-biyu, kowa ya ba da kwabo a mako. Masu bi gida-gida karɓar kwabon suka riƙa tarar da halin da mutane ke ciki, daga nan abin ya koma taron kula da rai. Ashe ba a kanmu aka fara haɗa bashi da zumunta ba. Uwar Zumunta ta kawo shawara a ba tela abin da ke asusun watan nan, ba wanda ya ƙi.

An sha kunu, an watse ana kiran magariba. Tela ya tsaya ya kama mini benci muka mayar wa Malam. A hanyar dawowa, cikin lungu, ya cusa mini kuɗi a hannu, naira 5,000 a nannaɗe, sun yi laushi don daɗewa a aljihu. Ya ce, "Yaya, ka fara riƙe wannan." Na ce da ka gaya mini tun farko. Ya ce, "Da ka tambaye ni." Ban sami amsa ba. Na so in mayar masa, na tuna hayar gidana na watan Maris, na karɓa. Har yanzu da ɗan sauran ɗaci a raina, ba zan ɓoye ba, amma na ce masa ya zo Asabar ya auna yara, kayan makarantarsu sun ɗage.

Da dare na tambayi Maman yara ko ita ta kai wa Uwar Zumunta labarin bashin har ya isa kunnen Baba. Ta ce in miƙo mata murfin tukunya. Laraba mai zuwa gidan Inna ne, an ce ni zan jagoranci karatu, Yakubu sura 5. Wani yaro kuma ya manta silifas ɗinsa ƙafa ɗaya a gindin turmi.