Daren da na yi wanka da ruwan gishiri

Ni ɗan fari ne, don haka Hajiyarmu ba ta faɗin sunana, ba ta kuma kirana a waya. In tana da saƙo ƙanwata take ba wa ta kawo min. Ko gaishe ta na je yi, tana amsawa ne idonta na kan tabarma, ta tambayi lafiyar yara, shi ke nan an gama. Alkunya ce irin ta mutanen da, a haka na buɗe ido na same ta, ban taɓa jin wani abu ba. Na fara da wannan ne don ku san yadda gabana ya faɗi lokacin da wayata ta yi ƙara wajen ƙarfe uku da rabi na daren Juma'a, 8 ga Agusta 2014, na jawo ta na ga lambar Hajiya.

"Kai, kun tashi kuwa? Ka ta da yarinyar nan ta ɗora ruwa. A zuba gishiri a ciki, kowa ya yi wanka kafin assalatu, har yaran. A ɗan kurɓa kuma. Ciwon nan ne aka ce ya taho."

Na ce, "To, Hajiya." Ta kashe.

Ciwon nan da take nufi shi ne Ebola. Ranar 20 ga Yuli wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas daga Laberiya da cutar a jikinsa, bayan kwana biyar ya mutu, ya bar ta ga wasu daga cikin ma'aikatan asibitin da suka kula da shi. Tun daga ƙaramar Sallah ba abin da ake yi a rediyo sai zancenta. An fara rage musabaha, wasu ma har sun ƙaurace wa naman daji. A Kano dai ba wanda ya kamu, amma tsoro ya riga cutar isowa.

To ni malamin bayoloji ne a makarantar sakandare. Na san Ebola ƙwayar bairos ce, na san ta hanyar jini da amai da gudawa da sauran ruwan jikin mara lafiya ake ɗauka, na san babu abin da gishirin da aka shafa wa fata zai yi mata. Da ɗalibina ne ya rubuta min haka a jarabawa, da jan biro zan bi ta kai. Amma minti goma sha biyar bayan wayar nan, ina tsugune a banɗaki da bokiti, fitilar waya jingine a kan taga, ina kwarara wa kaina ruwan gishiri yana shiga inda reza ta yanke ni a haɓa. Ta bayan katanga ina jin ƙarar bokitan maƙwabta da kukan yaran da aka tasa daga barci. Can bakin layi wani na buga ƙofar mai shago da ƙarfi yana "Don Allah gishiri!" Unguwa gaba ɗaya ta farka kamar daren sahur.

Ni da kaina na ɗora ruwan, don uwargida ta ƙi. Da na tashe ta na faɗa mata saƙon Hajiya, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, har da kai?" Ta ce ga risho nan ga ashana, amma jaririyarta 'yar wata huɗu ba mai sa ta a ruwan gishiri da tsakar dare cikin sanyin damina. Ta juya ta ja zane. Na yi wankan, na fito da kofi a hannu zan kurɓa kamar yadda aka ce, sai "har da kai" ɗin nan ta tsaya min a wuya. Na zubar a rariya.

Gari na wayewa gwamnati ta fito ta ƙaryata zancen, ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya ce ƙanzon kurege ne. Jaridu suka ruwaito cewa aƙalla mutum biyu sun rasu saboda shan gishirin, an kwantar da wasu da dama a asibiti.

Wankan kansa bai cika damuna ba. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne wanda ya faru da yamma a majalisarmu. Ana ta shan shayi ana tsokanar juna, wa ya yi, wa bai yi ba. Da aka zo kaina sai na gyara zama na ce, ai ni da dalilina na yi: gishiri yana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin bakteriya, shi ya sa ake barbaɗa shi a fata kafin a kai majema, shi ya sa ake kurkure baki da shi in haƙori na ciwo, na ga ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Kowa ya gyaɗa kai, malamin kimiyya ya yi magana. Ni ma na gyaɗa wa kaina kai. Wallahi a lokacin da nake faɗa na yarda da abin da nake faɗa. Sai da na kwanta na tuna cewa ƙarfe uku da rabi na dare ko sau ɗaya maganar bakteriya ba ta zo min a rai ba. Muryar Hajiya na ji, na ji bokitan maƙwabta, na tashi. Dalilin nan daga baya na ɗinka shi, na sa shi kamar rigar Sallah, kuma ya zauna min daidai.

Bayan shekaru na ci karo da wani gwaji da wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Michigan a Amurka, Richard Nisbett da Timothy Wilson, suka wallafa a 1977. Sun jera safar mata ƙafa huɗu a kan tebur a wani kanti, suka riƙa roƙon masu wucewa su zaɓi wadda ta fi inganci. Duk safar iri ɗaya ce, ba bambancin ko zare. Amma wadda ke ƙarshen dama ta samu masu zaɓe kusan ninki huɗu na wadda ke ƙarshen hagu. Da aka tambaye su dalili, wannan ta ce laushi, waccan ta ce saƙar ta fi kyau. Da aka ce musu ko inda aka ajiye ta ne ya ja su, kusan dukkansu suka musanta, wasu ma kallon mai taɓin hankali suka yi wa mai tambayar. Ba ƙarya suke yi ba, kamar yadda ni ma ba ƙarya na yi wa 'yan majalisa ba. Abin da ya motsa hannunsu a ɓoye yake gare su, bakinsu kuma ba ya son a tambaye shi ya ce bai sani ba.

Na kai wa Kawuna labarin nan a shagonsa na Kantin Kwari, ina zaton zan burge shi. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Yanzu wannan ne sai da Turawa suka yi bincike a kansa?" Ya ce in zauna in ga aiki. Ba a jima ba wata mata ta shigo da 'yarta suna haɗa kayan lefen ɗanta. Kawu ya fara sauko da wata Holan da ya san sarai ba ita za a saya ba, ya faɗi kuɗinta, matar ta dafe ƙirji. Ya ce ba komai Hajiya, gani ai kyauta ne. Ya ajiye ta a gefe inda ido zai riƙa kaiwa. Sannan ya jero matsakaita guda uku, ta ƙarshen bai ɗora ta a kan tebur ba, ya warware ta ya shimfiɗa mata a hannu. "Taɓa ki ji, Hajiya." Aka yi ciniki, ta taya, ya ce albarka, ta ƙara, ya sallama. Tana ƙirga kuɗi tana ce wa 'yarta, "Ni dama tun da muka shigo idona ke kanta." Alhali da suka shigo atamfar tana can ƙasan tuli, ko gefenta ba a gani.

Da suka fita Kawu ya ce min, "Ɗana, mai saye ba ya son a zaɓa masa. Ka zaɓa masa, ka bar shi ya ce shi ya zaɓa." Holan ɗin nan kuwa aikinta ɗaya ne, ta sa kuɗin sauran su zama kamar sauƙi. Wannan ma an gwada shi: a 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman sun sa mutane su juya wani faifan caca da aka saita ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 suka yi kirdadon kashi 25, waɗanda suka ga 65 suka ce 45. Lambar da kowa ya ga daga faifan caca ta fito, amma ta ja su.

Uwargida kuwa na same ta a gwajin Solomon Asch na 1951. Ana zaunar da mutum cikin wasu bakwai ko makamancin haka, a nuna musu layuka a kan kati a ce wanne ne tsawonsa ya yi daidai da wancan. Amsar a fili take, ko yaro zai gani. Sai dai duk sauran an haɗa baki da su su faɗi amsar da ba daidai ba. Kusan uku cikin kowane mutum huɗu sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Amma da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya riƙa faɗin gaskiya, sai biye wa taron ya faɗi ƙasa warwas. Mutum ɗaya. A gidanmu ita ce, da kalma uku, ta raba ni da kofin nan. Da ita ma ta tashi ta ɗora ruwa, na tabbata da na sha, da na ba yaran.

Tun daga nan na kama wata ɗabi'a da ke ɓata min rai: in na ji kaina na faɗi ra'ayi da ƙarfi, sai in tsaya in bi sawunsa in ga daga ina ya shigo. Akwai wani ɗan siyasa da na shekara ina cewa ɓarawo ne. Wataƙila ɓarawon ne, ba wanke shi nake yi ba. Amma da na bi sawu ban tarar da hukuncin kotu ko takarda ko ɗaya ba. Sojojin baka na tarar, waɗanda ke shiga rediyo kullum bayan isha'i, ina kwance ina gyangyaɗi suna maimaita min. Abin da kunne ya saba ji, zuciya kan ɗauke shi ɗan gida. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, ni kuwa na ga har mai digiri yana ɗaurewa. Akwai lokacin zaɓen da na kama kaina ina rera waƙar ɗan takarar da na rantse ba zan zaɓa ba, ina wanke babur ina kaɗa kai. Ban zaɓe shi ba, amma na lura zafin da nake yi in an ambace shi ya ragu, kuma ba wani aikin alheri ya yi a tsakani ba.

Ban yarda da masu cewa jahilci ne ya sa mutane wankan gishiri ba. A layinmu akwai ma'aikacin banki da malamar jinya da suka yi. Kuma jin maganar uwa ba wauta ba ce. Tun ina rarrafe muryar nan ce ke ce min kar ka taɓa wuta, kar ka je bakin rijiya, kuma kullum ita ke da gaskiya. Jikina ya koyi tashi in ta yi magana tun kafin kaina ya koyi tambaya. Matsalar ita ce zancen gishiri ba daga Hajiya ya faro ba. Maƙwabciyarta ce ta buga mata ƙofa, ita kuma 'yarta ce da ke aure a Kaduna ta kira ta, 'yar kuma saƙo aka turo wa mijinta a waya. Wanda ya ƙirƙiro shi ban san shi ba, da shi ne ya kira ni kai tsaye da na zage shi na koma barci. Sai ya ari bakin uwata. Shi ya sa yanzu in aka turo saƙon murya a WhatsApp na dangi, na ji an buɗe da doguwar sallama da salati cikin muryar dattijo mai natsuwa, nakan ji kafaɗuna sun sauka tun kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Wannan saukar kafaɗar nake tsoro.

Ranar Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci na wuce gida. Hajiya na da hawan jini, kuma ƙanwata ta tare ni a zaure ta ce kofi guda ta shanye. Muka kira wani ɗan uwanmu ma'aikacin lafiya ya auna ta, jinin ya hau amma Allah ya kiyaye. Na durƙusa na gaishe ta. Idonta na kan tabarma ta ce, "Kun yi?" Na ce mun yi. "Kun sha?" Na yi shiru kaɗan, na ce, "Mun sha, Hajiya." Ta ce madalla.

Ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa babu sauran Ebola a Najeriya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta hana Sawyer fita daga asibiti. Aikin masu bin diddigin waɗanda suka yi hulɗa da marasa lafiya ne, gida-gida a Legas da Fatakwal, ya tare cutar. Washegari da safe ƙanwata ta kira ni tana danne dariya, ta ce tana da saƙo daga Hajiya.

"Ta ce a gaya wa yaron nan, ya ga amfanin gishirin ko?"