Abin da na koya a kusurwar filin ƙanƙara

Ina da shekara 36 ranar da na fara ɗaura takalmin ƙanƙara, a wani filin unguwa a Calgary, cikin sanyin Janairu mai daskarar da gashin hanci. Ɗana ne ya ja ni. A makarantarsu kowa na buga ƙwallon gora ta ƙanƙara, ya dame ni da tambayoyin da ba ni da amsarsu, ni da na tashi a Zariya ina buga tamola ba takalmi. Taku uku na yi, na huɗun sai ga ni rigingine, ƙafafu sama, wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba tana kewaya ni tana kallona da tausayi. Da na ba ƙanena labari a waya, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Yaya, da girmanka? Gaskiya ne gemu ba ya hana ilimi, amma ka ji tausayin ƙugunka."

A wannan filin na fara lura da jar riga mai lamba 12 a bayan manya da yara, an rubuta IGINLA. Wani maƙwabcina da ya ji daga Najeriya nake ya ce ai mutumin namu ne. Da na bincika sai na ga da gaskiyarsa. Mahaifin Jarome Iginla Bayarabe ne, sunan ma da Yarbanci yana nufin babbar bishiya. An haife shi a Edmonton a 1977. Ƙungiyar Dallas ce ta zaɓe shi a 1995, amma bai taɓa buga mata ba, ta miƙa shi ga Calgary Flames ta karɓi Joe Nieuwendyk. A kakar 2001 zuwa 2002 ya ci ƙwallo 52, ya tara maki 96 (wato waɗanda ya ci da waɗanda ya bayar aka ci), ya zama baƙar fata na farko da ya fi kowa maki a NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka. A 2003 aka ba shi kyaftin. Ɗan gaba ne ta gefen dama, wurin da mu 'yan tamola za mu ce lamba bakwai, sai dai shi ba gudu da yanka aka san shi da su ba. Ƙarfi ne, da kafaɗa, da duka mai nauyi.

Bayan damina biyu, ko in ce hunturu biyu, ina faɗuwa ina tashi, na shiga ƙungiyar manya 'yan koyo. Da aka tambaye ni inda nake so in tsaya, ban ko yi tunani ba na ce gefen dama. Su waɗannan ƙungiyoyi sai yara sun gama ake ba su fili, wani lokaci ƙarfe goma sha ɗayan dare. Mutanen nan suna kiranta gasar giya, don abin da ke biyo bayan wasa ke nan. Ni flas ɗin shayina nake zuwa da shi, har wasu suka koyi shan mai citta da kanumfari. Da azumi ya zo kuwa lokacin ya yi mini daidai, daga tarawihi sai fili.

Kuskurena na farko shi ne kwaikwayon abin da ake nunawa a bidiyo. Iginla ya taso ta dama, ya lanƙwasa sanda, faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ya wuce ta saman kafaɗar gola. Na yi wata uku ina dukan faifai a jikin bangon gareji har maƙwabci ya yi magana. Faifan nan baƙar roba ce mai tauri, nauyinta kusan giram 170, kuma a manyan wasanni sai an daskarar da ita don kada ta riƙa tsalle. Dukan nawa ya yi ƙarfi kam, amma a wasa ko sau ɗaya ban sami damar yin sa ba, domin faifan ba ya zuwa wurina. Tsaye nake a sarari ina jira, sanda a sama, kamar mai jiran a kira shi walima.

Na biyu ya fi ban kunya. A tamola mutum na iya yin minti casa'in a fili. A nan ƙwararru ma daƙiƙa arba'in da biyar ko makamancin haka suke yi su koma benci wani ya shiga, wasa na tafiya. Ni kuwa in na shiga sai in manne har minti uku, numfashi na fita da ƙyar, abokan wasa na buga sanda a katako suna kirana. Wani dattijo mai buga mana tsakiya, ya haura sittin amma yana yawo a kan ƙanƙara kamar a ɗakinsa, shi ya zaunar da ni wata rana muna kwance takalma. Ya ce in daina kallon ƙwallayen da Iginla ya ci, in je in kalli wadda bai ci ba, ta Vancouver.

Na kalle ta ya fi sau talatin. Ranar 28 ga Fabrairu 2010 ce, wasan ƙarshe na Olamfik, Kanada da Amurka biyu da biyu, an shiga ƙarin lokaci. Duniya ta san Sidney Crosby ne ya ci wa Kanada. Amma in ka mayar da bidiyon baya kaɗan, za ka ga faifan ya maƙale a jikin katangar gefe, Crosby ya tura wa Iginla, ya yanka zuwa raga yana kiran "Iggy!" Ryan Suter, mai tsaron bayan Amurka, na manne da bayan Iginla yana danna shi, shi kuma ya ba shi baya, ya kare faifan da jikinsa, yana cikin faɗuwa ya tura shi daidai kan sandar Crosby. Iginlan da ya ci biyu a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 2002 a Salt Lake City, ga shi a ƙasa kusa da katanga lokacin da ƙasa gaba ɗaya ke ihu.

Daga nan na koma kusurwa. Filin NHL ƙafa 200 ne a tsayi, 85 a faɗi, kewaye da katanga, don haka faifai ba ya fita kamar ƙwallo, gefe yake bi ya taru a lungu, kuma can ake rabin wasan. Dattijon ya koya mini in durƙusa kamar mai shirin ɗaukar buhu, in buɗe ƙafafu, in juya wa mai tsaron baya ƙeya, hannun ƙasa ya riƙe sanda da ƙarfi. Kafin in isa katanga in waiga sau ɗaya in san inda nawa suke, don in na isa ba sauran lokacin dubawa. A gasarmu an hana bangaza, amma turereniya a lungu halal ce, kuma da safe haƙarƙari yakan ba da shaida.

A nan ne tamolar Zariya ta biya ni. Doka ta yarda ka taɓa faifai da ƙafa, abin da ta hana shi ne ka shure shi cikin raga. In sanduna suka sarƙe a lungu, yawancin 'yan koyo sai su rikice, ni kuwa sai in sa gefen takalmi in ja shi in fito da shi, kamar yadda muke yi a lungun unguwa. Shi ne abu ɗaya da na zo da shi daga gida wanda ba wanda ya koya mini.

Mutanen Calgary suna son ba da labarin damben da Iginla ya yi da Vincent Lecavalier na Tampa Bay a wasannin ƙarshe na neman Kofin Stanley, babban kofin NHL, a 2004, waɗanda Tampa Bay ta cinye a wasa na bakwai, kuma har yau akwai masu rantsuwa cewa faifan Martin Gélinas na Calgary ya shiga raga a wasa na shida, amma ba a lissafa ba. Ni damben bai burge ni ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne kaka goma sha ɗaya a jere yana cin talatin ko fiye, da irin wannan wasa mai cin jiki. Ya bar Calgary a 2013, ya bi ta Pittsburgh, Boston, Colorado da Los Angeles yana neman Kofin Stanley, Allah bai nufa ba. Ya ajiye sanda da ƙwallo 625 da maki 1,300 a wasa 1,554, kuma a Maris 2019 Flames ta rataye lambarsa, ba mai sake sa ta.

Ni kuwa a kakata ta uku, wani daren Talata, faifai ya gangaro lungun dama na riga wani ƙato isa. Ya danne ni a katanga, sandata ta maƙale. Na sa ƙafa na ja faifan, na ji dattijon yana kiran sunana yadda ya saba ɓata shi, na tura ta inda muryar take, na kife. Hular kwanona ta rufe mini ido, ƙarar sanduna a katako kawai na ji.

Ƙarfe ɗaya saura na isa gida. Uwargida ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Malam, yau dai ka ci?" Na ce a'a, na bayar an ci. Ta ce to madalla, tuwo na cikin kula, kuma kayan nan masu wari a gareji za su kwana.