Wa ke da ta cewa a kan girman allo?

Duk wanda ya taɓa kunna Linux a cikin VirtualBox ko VMware ko QEMU, manhajojin da ke gudanar da kwamfuta a cikin wata kwamfuta, ya san abin nan: ka kama gefen taga da linzami, ka ja, ka saki, sai hoton ciki ya ɗan ƙifta ya cika tagar daidai wa daida. Idan ya yi haka ba mai tambayar yadda aka yi. Ranar da ya ƙi kuwa, sai ka ga ɗan hoto na 800 x 600 ya zauna a tsakiyar baƙin fili, kana ja yana nan yadda yake. Kula da irin waɗannan kwamfutoci na cikin aikina, kuma ya sa na daɗe ina bin sawun abin da ke faruwa tsakanin jan tagar da cikar hoton. Babban abin da na fahimta shi ne, kwamfutar gaske, wato mai masauki, ba ya ba baƙuwar da ke gudana a cikinsa umarni a kan girman allo. Shawara kawai yake aikawa, kuma kafin ta zama hoto sai ta bi ta hannaye da yawa, kowane hannu yana iya riƙe ta.

Allo na gaske ba shi da wannan rigimar. Yana ɗauke da ɗan bayani da ake kira EDID, wanda ƙungiyar VESA ta tsara, tushensa bayit 128 ne kacal. A ciki yake faɗin sunansa, da faɗinsa da tsayinsa a santimita, da jerin girman hoton da yake iya nunawa, da wanda ya fi so. Katin hoto ya karanta ta waya, magana ta ƙare, domin gilashi ba ya miƙewa. Allon baƙuwa kuwa ba gilashi ba ne, taga ce da mutum ke iya mayarwa 1437 x 811 idan ya ga dama, girman da ba wani kamfani da ya taɓa ƙera allo a kansa. Dole direban hoto, wato manhajar da ke magana da katin hoto, ya ƙirƙiri sabon girma nan take, ya cusa shi cikin jerin da tsarin baƙuwa ya riga ya karanta ya yarda da shi.

Inda abin ya fara faɗa mini shi ne lokacin da na zauna na karanta tsohon direban VMware na X.org, wato X ko X11, tsohon tsarin nuna hoto a Linux. Yana da wata ƙofa tasa ta musamman mai suna VMWARE_CTRL, da buƙatu biyu da ke ɗauke da nauyin aikin: SetRes na girman hoto, da SetTopology na jeren alluna. Daga jin sunan SetRes za ka ɗauka shi ke canja girman. A'a. Abin da yake yi shi ne rubuta sabon girman cikin jeri, ya tsaya nan. Sai wata manhaja da ke cikin baƙuwa ta zo ta bi ta RandR, hanyar da X ya tanada don sauya girman allo, ta ce a koma kan wannan sabon. Har da wata dabara da ta ba ni dariya: direban yana ajiye gurbi biyu yana rubutawa a cikinsu bi da bi, saboda X ba ya son a ce masa ya koma kan gurbin da yake kai. Haka ma SetTopology, yana ajiye sabon jeren ne a gefe, sai an sauya girma na gaba sannan ya fara aiki. Wanda bai san wannan ba zai aika jere, ya ga shiru, ya rantse direba ya lalace.

Sababbin hanyoyi sun sauya kaya amma tsarin bai sauya ba. A virtio-gpu, wani katin hoto na QEMU wanda direbansa ya shiga kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, a 2015, mai masauki yana ɗaga wata alama ce kawai cewa allo ya motsa. Direba ya ga alamar, ya tambaya, a ba shi jerin alluna har 16, kowanne da faɗinsa da tsayinsa da ko a kunne yake. Daga nan kanel ya yi shela kamar an cire wayar allo an sa wata. A VMware na yanzu saƙon yana bi ta open-vm-tools, kayan aikin VMware da ake girkawa a cikin baƙuwa, wani ɓangarensa mai suna resolutionKMS ya miƙa wa direban vmwgfx. VirtualBox ma bai ɓoye ba: umarninsa na VBoxManage da ke aika girma sunansa setvideomodehint, kuma takardunsa sun nuna ba ya aiki sai an girka kayan aikinsa, Guest Additions, a cikin baƙuwa. A duk ukun, kanel yana shela ne, ba ya taɓa hoton. Mai yanke hukunci ita ce manhajar da ke shimfiɗa tagogi a allo. GNOME, ɗaya daga cikin manyansu, yana sauraren shelar, yana duba wata alama da direba ke sa wa mai suna hotplug_mode_update, ya koma kan sabon girma da kansa. Ƙananan manhajojin shimfiɗa tagogi da yawa ba ruwansu, sun ji shela sun yi kunnen uwar shegu.

Wannan ya sauya mini yadda nake neman matsala gaba ɗaya. Da an ce min allo ya ƙi cika taga, ba na fara sake girka komai. Ina buɗe wurin rubuta umarni a cikin baƙuwa, in karanta fayil ɗin modes da ke ƙarƙashin /sys/class/drm, na mahaɗin da galibi ake kira Virtual-1. Layin farko shi ne girman da aka fi so. In ja taga, in sake karantawa. Idan layin farko ya koma 1437 x 811, to saƙo ya iso kanel lafiya, laifin yana sama, kuma a X11 umarnin xrandr --output Virtual-1 --auto zai cika tagar nan take ya tabbatar da hakan. Idan layin bai motsa ba, sai in kunna udevadm monitor, umarnin da ke nuna shelar kanel, in sake ja, in ga ko shela ta fito. Ba shela, to saƙon bai ƙetaro ba, sai a duba ko manhajar da ke karɓarsa tana raye. Minti biyu sun ishe ka ka san rabin da za ka bincika. Na sha ganin mutane sun ɓata yini suna sauya direba alhali direban ya gama nasa aikin tun ɗazu.

Wani lokaci kuma kowa ya yarda, wuri ne bai kai ba. Lissafin ba wuya: kowane ɗigo a allo yana cin bayit 4. Hoton 1920 x 1080 ya kama bayit 8,294,400, kusan megabayit 8. Na 3840 x 2160 ya ninka haka sau huɗu, ya haura megabayit 33. Katin hoto na yau da kullum a QEMU yana zuwa da megabayit 16, wanda ya ɗauki 2560 x 1600 da ƙyar, don haka babban girman nan ba zai ma bayyana a jeri ba sai an ƙara vgamem_mb. VMware yana da nasa a fayil ɗin saitunan baƙuwa, irin su svga.vramSize da svga.maxWidth. Abin takaici, direba ba ya cika yin ƙorafi a fili. Yana share girman daga jeri ne ya yi shiru, kai kuma kana nemansa a wani wurin.

Alluna biyu ne ke fito da ainihin wuyar aikin, kuma nan na fi daɗewa. A X11 duk allunan yanki ne na babban fili guda mai kusurwa huɗu. Ɗauki allo ɗaya a kwance, 1920 x 1080, da wani a tsaye a gefensa, 1080 x 1920. Idan ka haɗa abin da kowanne ke ci, bai kai megabayit 17 ba. Amma filin da zai ɗauke su tare 3000 x 1920 ne, wato bayit 23,040,000, domin kusurwar da ba allon da ke nuna ta ita ma sai an yi mata wuri. Kamar tela ne da ya yanka riga daga yadi: abin da ya zube a ƙasa ma an biya kuɗinsa. Shi ya sa jere ɗaya yake karɓuwa, ka juya allo guda a tsaye sai ya ƙi, alhali yawan ɗigon da ido ke gani bai ƙaru ba ko ɗaya.

Sai batun inda ake fara ƙirga. Windows yana sa sifili a kusurwar hagu ta sama ta babban allo, don haka allon da ke hagunsa yana da lamba ƙasa da sifili, misali -1920. Filin X11 kuwa daga sifili yake farawa, ba abin da ke bayansa. Idan mai masauki Windows ne baƙuwa Linux, dole wani a hanya ya nemo mafi ƙanƙantar lamba ya tura kowa gaba da ita, ya kuma tuna wane allo ne babba, domin bayan turawar ba shi ke kan sifili ba. Direbobin qxl na QEMU da vmwgfx na VMware suna rataya wa kowane mahaɗi lambobi biyu, suggested X da suggested Y, inda mai masauki ke so a ajiye allon. Nan ma manhajar shimfiɗa tagogi ce za ta ɗauka ko ta bari.

Idan ta bari, linzami ne ke fara tona asiri. Yawancin waɗannan kwamfutoci ba sa aika wa baƙuwa cewa linzami ya matsa kaza, suna aika inda yake ne kai tsaye. Na'urar usb-tablet ta QEMU tana ba da lamba daga 0 zuwa 32767 a faɗi, haka a tsayi, baƙuwa ta shimfiɗa wannan a kan filinta duka. To ka ga, idan mai masauki yana ganin fili 3840 ne a faɗi, baƙuwa kuma ta ɗora allunan biyu a kan juna tana ganin 1920, lissafin ya rabu. Na taɓa zama kusa da wata abokiyar aiki tana danna maɓallin ajiye fayil, taga ta daban tana rufewa a can gefe. Kusa da gefen hagu kuskuren kaɗan ne, tana matsawa dama yana ƙaruwa. Wannan ƙaruwar ita ce shaida: kuskuren da ke girma da nisa na faɗin fili ne, wanda yake daidai a ko'ina kuma na wurin farawa ne. Tun daga nan, duk ƙorafin linzami a baƙuwa mai alluna biyu jeren alluna nake fara dubawa, ba direban linzami ba.

Akwai wata tambaya da ba lissafi ke amsa ta ba. Mutum ya shiga saituna a cikin baƙuwa ya zaɓi 1280 x 720 da hannunsa, saboda yana ɗaukar bidiyon allo. Can sai ya taɓa gefen taga ba da niyya ba, shawara ta iso. Ta wa za a bi? GNOME yana ajiye zaɓin mutum a fayil ɗin monitors.xml, shi yake fara dubawa lokacin shiga, amma sabuwar shela na iya ture shi. Ni dai ina ganin zaɓin da mutum ya yi da gangan ya fi motsin hannu na kuskure nauyi, don haka duk wanda aikinsa ke bukatar tsayayyen girma nakan kashe masa bin taga daga wajen mai masauki tun farko. Ya fi sauƙi a kan koya wa manhaja gane niyya. Kuma akwai haɗarin zagaye: baƙuwa ta sauya girma, mai masauki ya gyara taga ta dace da ita, gyaran tagar ya haifi sabuwar shawara, allo ya yi ta ƙifta ba tsayawa. Abin da ke tayar da shi sau da yawa ɗigo biyu ne. Ƙa'idar CVT ta lissafin girma tana kai faɗi zuwa lambar da 8 ke rabawa, shi ya sa ka nemi 1366 a ba ka 1368. An nemi abu, an samu kusa da shi, kowane ɓangare yana ƙoƙarin gyara ɗaya. Maganinsa shi ne mai masauki ya tuna abin da ya nema, kada ya ɗauki amsar baƙuwa a matsayin sabuwar buƙata, kuma ya jira hannu ya tsaya kafin ya aika, maimakon ya aika a kowane ɗigo da linzami ya ja.

Wayland, sabon tsarin nuna hoto da ke maye gurbin X11, ya rufe ƙofar baya da muka saba bi. A can xrandr ba ya iya sauya allo na ainihi, manhajar shimfiɗa tagogi ce kaɗai ke da iko, don haka tsofaffin rubutattun umarni da ke gyara girma bayan shiga sun daina amfani. Ban yi kukan rashinsu ba, ko da yake sun fitar da ni kunya a baya. Hanya ta zama ɗaya: a kai wa kanel gaskiya, a bar shi ya yi shela.

Wanda har yanzu ke ba ni aiki shi ne allo mai ɗigo ƙanana. Taga da mai masauki ke kira 1280 x 800 a ninki biyu, wato ya ninka girman komai sau biyu don ya karantu, a zahiri ɗigo 2560 x 1600 ce. Aika wa baƙuwa ƙaramar lambar, rubutu ya fito dishi-dishi saboda an miƙe shi. Aika babbar, ya fito tsaf amma ƙanana kamar ba a so a karanta, domin baƙuwa tana ɗauka ɗigo 96 ne a inci sai an gaya mata akasin haka. Wasu katunan suna ƙirƙirar EDID na ƙarya mai ɗauke da santimita don baƙuwa ta yi lissafin da kanta, amma ba kowace manhaja ke yarda da shi ba. Abin da nake yi yanzu shi ne aika babbar lambar, in shiga saitunan baƙuwa in sa ninki biyu da hannu, sannan in ja tagar zuwa wani girma marar kan gado, irin 1437 x 811, in ga ko ninkin ya tsaya ko ya koma ɗaya.