Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takalmin Aro

A makon jiya mun tsaya a inda Baba ya rantse ba zai saya mini takalmin ƙwallo ba. Da wannan fushin na koma yini a shagon Kawu, a Zangon Damagaram, ina ɗinka masa maɓalli.

Watan Maris ne na 1980, ana gasar cin kofin Afirka a Najeriya. Ranar da Najeriya za ta kara da Maroko a wasan kusa da na ƙarshe, shagon ya cika maƙil, har kan buhun ƙyallaye an zauna. Kowa yana bayan Najeriya. Da Felix Owolabi ya jefa ƙwallo ɗayan nan, ihu ya tashi, wani ya ture gwangwanin allurai. Kawu kaɗai ne bai motsa ba. Ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ya rage muryar rediyo.

"Kai yaro, ka san wanda ke horar da Maroko?"

"A'a, Kawu."

Sai ya jawo aljihun keken, ya fito da wani hoto da ya yanko daga mujallar Faransanci tun yana lakwal. Takardar ta yi ja, an naɗe ta har ta fara rabewa. Ya ce wannan shi ne Just Fontaine.

A Marrakesh aka haife shi a 1933. Ya fara wasa a Kasabalanka, ya wuce Nis a Faransa, daga nan Reims. A gasar cin kofin duniya ta 1958 a Suwidin ya ci wa Faransa ƙwallo 13 a wasa 6. Kawu ya riƙa lissafa su da yatsa: uku a ragar Faraguwai, huɗu a ta Jamus ta Yamma ranar neman matsayi na uku. Ko ranar da Pele da Barazil suka yi musu 5 da 2, sai da ya ci tasa. Har yau da nake wannan rubutu babu wanda ya kamo shi a gasa guda, kuma ni dai ban ga alamar mai kamo shi ba.

"Kuma da takalmin aro ya ci su," in ji Kawu. "Nasa ya yage, abokin wasansa Stéphane Bruey ya ara masa."

Wallahi ban ƙara jin sauran wasan ba. Washegari na sami ɗan maƙwabcinmu, na ari nasa. Ya yi mini yawa, sai na cusa ƙyallen atamfa a gaba, na ɗaure igiyar ta ƙarƙashin tafin ƙafa. Da shi na ci ƙwallo biyu a filin unguwa, na dawo ina tafiya kamar sarki.

Akwai abin da Kawu ya ɓoye mini a ranar. Fontaine ya karye a ƙafa a 1960, ya warke ya dawo, ƙafar ta sake karyewa, ya ajiye ƙwallo a 1962 yana ɗan shekara 28. Mutumin da ya ci wa ƙasarsa 30 a wasa 21! Duk lokacin da na tuna, sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Bai gaya mini wannan ba sai bayan shekara biyu, ina kwance a zauren mai ɗori, an jera mini kara a ƙwauri an ɗaure tamau, Inna tana bakin ƙofa tana sharar hawaye. Ya zauna a gefen tabarma, ya ɗora mini hoton a ƙirji, ya ce in riƙe.

Yadda ƙafar ta karye, da abin da Baba ya ce da aka shigo da ni gida a kan amalanke, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.