Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a jinyar ciwon kai

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya a sallar Juma'a na kai goshina ƙasa ban ji kamar idanuna za su zazzago ba. Rabona da sujada irin wannan sati 7 ke nan. Da yawanku kun kira, wasu kun tako har gida, shi ya sa na ce bari in fito in yi godiya a fili.

Abin ya fara ne da murar hunturu. Ni kuwa kafinta ne, ga ƙurar gari, ga ta katako. Mura ta ƙi tafiya, majina ta yi kauri, sai wani nauyi ya zauna mini a goshi da kumatu, har haƙoran sama suna zugi. In na sunkuya ɗaukar guduma sai in ji kaina zai tsage. Ƙamshin miya ma na daina ji. Na sayi maganin feshin hanci a kemis, ya buɗe mini hanci nan take, na maishe shi abokin tafiya har sati 3. Kullum toshewar sai ƙaruwa take yi.

Godiya ta farko, bayan ta Allah, ga yayata da ta sa ni gaba da faɗa har na je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Yaya, kin fi ni gaskiya, na yarda.

Likita, Allah ya saka da alheri. Kin zaunar da ni kin zana mini a takarda cewa akwai koguna a cikin ƙasusuwan fuska, a goshi, a kumatu, a tsakanin idanu da can bayan hanci, kowanne da 'yar ƙofar da majina ke fita. In suka kumbura ƙofar ta toshe, majina ta taru, daga nan ciwon kan yake. Kin ce feshin da na riƙe ba a son a wuce kwana 3 ana amfani da shi, don shi da kansa yakan dawo da toshewar. Kin ce yawancin irin wannan ciwo yana tafiya da kansa cikin kwana 10, nawa ne da ya daɗe ya sa kika rubuta mini maganin ƙwayoyin cuta da wani feshin daban mai rage kumburi. Kuma kin ja kunnena cewa in ido ya kumbura, ko gani ya canza, ko wuya ya sanƙare, in taho asibiti ko da tsakar dare ne.

Amma wadda ta fi shan wahala uwargida ce. Safe da yamma sai ta tafasa ruwa rabin lita, ta bar shi ya huce, ta zuba ƙaramin cokali na gishiri da na bekin soda (ba kanwa ba, don wani ya tambaye ni), in shaƙa in fyace kamar a alwala. Da farko raina abin na yi, wai ruwan gishiri. Shi ne kuwa ya fi ba ni sauƙi, sai tsumma mai ɗumi da take ɗora mini a fuska. Ta kuma haƙura da turaren wutarta duk tsawon jinyar, wanda duk mai mata ya san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Maman yara, Allah ya biya ki.

Yaran shago, kun riƙe amana. Malam liman, na gode da kujerar da ka sa aka ajiye mini a gefen sahu. Masu kawo sassaƙe da man shafawa, ko ban sha ba na ga ƙauna.

Waɗanda kuka ba ni aiki, musamman mai gadon amarya da biki ya matso, ku yi haƙuri. Litinin in Allah ya kai mu zan buɗe shago. In kun ga mutum da takunkumi yana goge katako, ni ne.